Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Shugaban ƙungiya, malamanmu da suka ɗora mu a hanya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da yawanmu yanzu mu ke sa hannu a sayo sabon tsarin kwamfuta ko a sake fasalin aiki a ofis. Nasihata guda ce: kafin a tsara komai, a zauna da waɗanda za su yi aiki da shi.

A Oktoban 1992 hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta birnin Landan ta ɗora aikin tura motoci a kan sabuwar kwamfuta. Nan da nan kira ya taru, marasa lafiya suka yi awoyi suna jira, har aka koma takarda da biro. Kwamitin bincike na 1993 ya gano an yi gaggawa, ba a horar da ma'aikata sosai ba, kuma babu jituwa tsakaninsu da shugabanni.

A Norway kuwa, tun 1971 masanin kwamfuta Kristen Nygaard ya zauna da ƙungiyar maƙeran masana'antu, suka yi nazarin yadda na'ura za ta shafi aikinsu. Dokar ƙwadago ta 1977 ta ba ma'aikatan ƙasar haƙƙin a sa su cikin irin wannan tsari.

Don haka, 'yan'uwa, a tambayi akawu, a tambayi nas, a tambayi mai bin layi. A ba su samfuri su gwada, a gyara tun da ɗanyensa.