Darasi na Goma Sha Huɗu: Ma'aurata a Ƙasar Baƙunci

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya hore wa bayinsa tafiya a bayanta, ya rarraba arzikinsu cikin garuruwa, har ya zamana an haifi mutum a kudu alhali abincinsa yana arewa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

 

Har yanzu muna cikin ayoyin azumi na Suratul Baƙara. A aya ta 187, ana tsakiyar bayanin hukuncin dararen Ramadan, sai Allah Maɗaukakin Sarki ya kawo zancen miji da mata, ya kamanta kowannensu da tufa ga ɗayan. Tufa tana rufe tsiraici, tana kare zafi da sanyi, kuma babu abin da ya fi ta kusa da jikin mutum. Wanda yake garinsu cikin dangi yana iya wuce wannan misali bai ji nauyinsa ba. Wanda yake baƙunci shi da matarsa, shi ya san ma'anarsa.

Garin nan namu garin baƙi ne. In ka cire Abzinawa makiyaya da suka daɗe suna kiwo a wannan yanki, kusan kowa zuwa ya yi. An kafa Arlit a 1969 saboda ƙarfen yuraniyom, Somaïr ta fara haƙo shi a 1971, Cominak ta biyo baya a 1978, Akokan ta tashi a gefenta. Mutane suka yi ta kwararowa daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Dosso, har da Katsina da Kano, wani ma'aikaci, wani direba, wani mahauci, wani mai shago. Kowa ya samu wurin zama sai ya koma gida ya ɗauko iyali.

To, ya kai maigida, ka dubi wadda ka ɗauko. A Tasawa ko Matamaye, in ranta ya ɓaci, gidan uwarta taku kaɗan ne. In ta haihu, ga gwaggo ga inna masu dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa. In kun saɓa, akwai kawu ko waliyyin da zai zaunar da ku. A nan kuwa, tsakaninta da duk waɗannan akwai ɗaruruwan kilomitoci na rairayi da duwatsu. Tana zaune a gidan haya, ruwa da tsada, cefane da tsada, maƙwabciyarta ta dama da Tamashek take magana, ta hagu da Zabarmanci. Kai ka fita aiki ka ga mutane, ka zauna a majalisa ka sha shayi. Ita daga bango sai ƙura. Saboda haka kai ne uwarta a garin nan, kai ne ubanta, kai ne danginta. Wanda ya sha ruwa a masallaci, ya wuce hira bayan asham, bai shigo gida ba sai dare ya raba, ya bar tufarsa a waje ya bar matarsa cikin sanyi, ko da ya cika rumbu da shinkafa da taliyar Aljeriya.

Ke kuma uwargida, mutumin nan da yake shigo miki da ƙura har cikin gashin ido, shi ma baƙo ne. Yana ɗauke da gidanku, yana ɗauke da gidan da ya baro, kowane ƙarshen wata waya tana ƙara daga kudu ana jiran aike. Kada ki mai da wayar hannunki ta zama ƙofar da asirin gidanki yake fita. Abin da kika faɗa wa danginki cikin fushi, ke za ki huce kafin asuba, su kuwa suna nan riƙe da shi har shekara. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ku nemi dattijo mai amana a unguwa, ko limamin masallacinku, ku mai da shi madadin kawun da kuka baro.

Wannan hali ba a kanku aka fara shi ba. Sayyidina Usmanu ɗan Affan ya yi hijira zuwa Habasha tare da matarsa Ruƙayya, 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da matarsa Asma'u 'yar Umais sun zauna can fiye da shekara goma, cikin mutanen da harshensu daban, addininsu daban. A can ta haifa masa 'ya'yansa, ba su iso Madina ba sai shekara ta 7 bayan hijira, lokacin da aka ci Haibara. Da Sayyidina Umaru ya ce wa Asma'u su sun riga su hijira, ta kai ƙara wurin Annabi, ya shaida mata cewa mutanen jirgin ruwa hijira biyu gare su. Ku lura da wannan, mata. Shekarun da kika yi nesa da gida kina riƙe da sallarki da mutuncin mijinki, rubutattu ne a wurin Allah.

Mu zo ga tafiya, domin mazaunin Arlit ba ya rabuwa da hanya, musamman yanzu da wasu suke shirin zuwa gida salla. Malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibnu Abi Zaid, sun ƙayyade tafiyar ƙasaru da mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya. Daga Arlit zuwa Agadas kimanin kilomita 240 ne, zuwa Asamaka kimanin 200, zuwa Tawa fiye da 600. Duk waɗannan ana ƙasaru a cikinsu, azahar da la'asar da lisha raka'a bibbiyu, daga inda ka wuce gidajen gari. Mai zuwa Akokan daga Arlit kuwa mazauni ne, ya cika sallarsa. In kun sauka wani gari da niyyar kwana huɗu, hukuncin tafiya ya yanke.

Game da azumi, aya ta 185 ta yi wa matafiyi rangwame ya sha ya rama. Sai dai a mazhabarmu da sharaɗi: ya zamana ya bar gari kafin ketowar alfijir, kuma bai kwana da niyyar azumin ba. Wanda ya wayi gari a gidansa da azumi, motarsa ta tashi da hantsi, zai riƙe azumin wannan yini, sai fa in wahala ta kai shi ga jin tsoro a kan ransa ko lafiyarsa. Mai iko ya yi azumi ya fi. Amma kada maigida ya auna matarsa da ƙarfinsa. Hanyar Tawa da Arlit kun san halin da take ciki, mota takan yini a inda ake zaton sa'o'i kaɗan. Mace mai ciki ko mai goyo a bayan mota cikin wannan rana, in ta ji tsoro a kan kanta ko ɗanta, ta sha, kai ne ma ya kamata ka miƙa mata gorar. Anas ɗan Malik ya ba da labari cewa sun yi tafiya da Annabi a Ramadan, wasu da azumi wasu babu, ba wanda ya aibata wani. A rama kafin wani Ramadan ya zagayo. Wanda ya yi sakaci har ya shigo, ramuwa tana kansa tare da ciyar da mudu ɗaya na Annabi a kan kowane yini.

Tafiya da iyali kuma ba ɗaure fuska ba ce. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ce a wata tafiya Annabi ya yi tsere da ita ta wuce shi, bayan shekaru ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya yi dariya ya ce wannan ramuwar waccan ce. In kun tsaya a Agadas ka nuna mata hasumiyar babban masallaci, in kun bi ta Abalak ka saya mata cuku. Mace takan riƙe irin wannan a zuciyarta har tsufa.

Akwai kuma tafiyar da dole in tsoratar da ku a kanta. A watan Oktoba na 2013, motoci suka tashi daga garin nan suka nufi Aljeriya, suka lalace a cikin hamada. Aka tsinci gawa 92, mafi yawansu mata da ƙananan yara, akasarinsu mutanen yankin Kance. Ƙishirwa ce ta kashe su. Allah ya ji ƙansu ya sa sun huta. Jama'a, dogara ga Allah ba ya hana ɗaure raƙumi. Duk wanda ya ɗora matarsa da 'ya'yansa a motar da za ta bi ɓarauniyar hanya, ba isasshen ruwa, ba wanda ya san inda suka bi, ko ya zauna a gida ya tura su bara a ƙasar wasu, ya sani za a tambaye shi a kan wannan kiwo da aka ba shi. Talauci gaskiya ne, mun san shi, amma rai ba a ramuwarsa kamar azumi.

Sai masu barin mata a gari su wuce gaba. Tun da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten a 2014, kuma tun da aka rufe Cominak a ranar 31 ga Maris 2021 ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, da yawa sun bazama neman abinci. Neman halal ibada ne. Sai dai wanda ya kawo 'yar mutane garin da ba ta da kowa, ya tafi shekara guda ba aike ba waya, ga mai gida yana neman kuɗin haya, ya jefa ta cikin baƙunci biyu. An ruwaito cewa Sayyidina Umaru, da ya fahimci halin matan mayaƙa, sai ya yanka wa mazansu lokacin da ba za su wuce ba ba su dawo gida ba. In masu jihadi aka yi wa haka, ina ga mai haƙar zinariya? Ka bar mata abin da za ta ci, ka damƙa amanarta ga mutumin kirki, ka faɗa mata ranar dawowa, ko kuwa ka mai da ita gidan iyayenta da mutunci kafin ka tafi. Annabi ya sanar da mu cewa tafiya yanki ce ta azaba, wanda ya biya buƙatarsa ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ya kuma hana wanda ya daɗe ba ya nan ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa. Yau ga waya a aljihun kowa, uzuri ya ƙare.

Wanda salla za ta riske shi a hanya ko a daji, ya fitar da zakkar kono a inda yake, mudu huɗu na Annabi a kan kowane mutum, tasa da ta matarsa da ta 'ya'yan da ciyarwarsu take kansa. In ya bar wa iyalinsa umarni su fitar masa a gida, ya isar.

Ya Allah, ka sanya ƙauna da jin ƙai tsakanin ma'auratanmu. Ka kai matafiyanmu lafiya ka dawo da su lafiya. Ka buɗa wa wanda ya rasa aiki ƙofar halal. Ka ji ƙan waɗanda suka kwanta a hamada da waɗanda aka binne nesa da garuruwansu. Ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ka sa muna cikin 'yantattun wannan wata. Gobe, in Allah ya kai mu, za mu shiga hukunce-hukuncen itikafi. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.