Jawabin Ƙaddamar da Shirin Rakiyar Mata Masu Sankarar Mama a Sevran

  

Mun taru a wannan wata na Oktoba, watan faɗakarwa kan sankarar mama, don mu ƙaddamar da aiki guda: daga yau kada wata mace a cikinmu ta sake zuwa ɗaukar hoton asibiti ita kaɗai, ba mai yi mata tafinta, ba mai riƙe mata jaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an samu wannan cuta a jikin mata miliyan 2.3, kuma ta yi ajalin kusan 670,000. A nan Faransa ana samun sabbin masu ita sama da 60,000 a shekara. Cikinsu akwai namu.

Iyayena, na san abin da ke faɗar muku da gaba. Likita ya miƙo takarda, an rubuta sashen nukiliya, sai hankali ya tashi, wata ma ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin katifa. To ga abin da ake yi a wannan ɗaki. Na'urar da ake kira PET-CT, wadda Faransawa ke ce wa TEP-scan, na'urori biyu ne aka haɗa a jiki ɗaya. David Townsend da Ronald Nutt suka ƙera ta farko, aka fara gwada ta a Pittsburgh ta Amurka a 1998. Ɗaya daga cikin na'urorin biyu tana nuna surar gaɓoɓi, ɗayar tana nuna inda jiki ke cinye sukari fiye da ƙima, domin ƙwayoyin sankara mayunwata ne. Kamar mai leƙen unguwa ne daga sama: hoton farko ya nuna masa gidaje, na biyu ya nuna masa gidan da aka hura murhu.

Mace za ta zo ba ta ci komai ba na kimanin awa 6, ruwa kawai. A auna sukarin jininta, a yi mata allurar wani sukari mai ɗauke da sinadarin fulorin-18, ta kwanta shiru kamar awa ɗaya, ba hira, ba danna waya. Sannan ta shiga na'urar na ɗan lokaci, ba yanka, ba zafi. Ƙarfin sinadarin yana raguwa da rabi duk minti 110, ragowar kuma fitsari ya fitar. Mai ciwon sukari, da mai juna biyu, da mai shayarwa, dole su faɗa tun kafin ranar. Nan ne aikin 'yar rakiya yake, domin kunya takan hana uwa faɗin irin wannan a gaban baƙon namiji.

Wannan hoto shi ke gaya wa likitoci ko cutar tana nan a mama, ko ta kai ƙashi, hanta ko huhu, kuma ko maganin da ake ƙara wa mace yana cin cutar. Da shi ake kauce wa tiyatar da ba ta da amfani. Akwai kuma ɗan'uwansa, SPECT-CT, da ke taimaka wa likitan fiɗa gano kaluluwar farko da ruwan jiki daga mama ke gangarawa gare ta a hammata. Idan an cire ta aka ga lafiya lau, sai a bar sauran. Duk wadda ta taɓa ganin matar da hannunta ya kumbura bayan an kwashe mata kaluluwar hammata, har ɗaura zane ya gagare ta, ta san girman wannan rahama.

Amma ku ji ni da kyau: wannan na'ura ba ita ce ta binciken farko ba, ƙaramin ƙullutu yana iya ɓace mata. Binciken farko shi ne hoton mamogirafi, wanda tun 2004 ake gayyatar duk mace mai shekara 50 zuwa 74 ta yi kyauta duk shekara biyu. Wadda ta ji ƙullutu kuwa, ko shekarunta nawa, kada ta jira gayyata.

Muna zaune kusa da alheri. Daga tashar Sevran-Beaudottes jirgin RER B zai sauke ki a Luxembourg, 'yar tafiya kaɗan ga Cibiyar Curie, gidan da Irène da Frédéric Joliot-Curie suka gano yadda ake ƙirƙirar irin waɗannan sinadarai a 1934. Asibitin Avicenne yana Bobigny, 'yan'uwanmu na Lyon kuma suna da Cibiyar Léon Bérard. A Maraɗi ko Katsina, mace kan sayar da gona kafin ta kai inda ake irin wannan hoto.

Maza, iyayen gida, muna roƙonku ku ba da izini da fuska a sake, ku riƙe yara ranar alƙawari.

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan shiri. Masu son shiga rakiya su rubuta sunansu da harsunan da suke ji a teburin bakin ƙofa kafin a tashi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.