Ƙaramin Haɗin Waya Da Ya Tsayar Da Babbar Na'ura



An ce in yi magana a kan abubuwan al'ajabi na kimiyyar zamani. To, ni dai guda ɗaya na zaɓa, wato wata na'ura da ake kira LHC, wadda ba ta da ta biyu wajen girma a irin nata. Tana ƙarƙashin ƙasa ne a kan iyakar Faransa da Suwizalan, kusa da birnin Janiba. Cibiyar bincike ta CERN, wadda ƙasashen Turai 12 suka kafa a 1954, ita ta gina ta.

Ku ƙaddara wani rami mai siffar zobe, kewayensa kilomita 27, zurfinsa kamar mita 100. A cikinsa na'urar take. To, mene ne aikinta? Kun san kowane abu, ƙarfe ne ko ruwa, ƙwayoyin zarra ne suka haɗu suka yi shi. A cikin ƙwayar zarra kuma akwai wasu 'yan mitsi-mitsi da ake kira furoton. Su ake korawa cikin bututu biyu, wasu ta dama wasu ta hagu, da gudun da ya kusa kamo na haske, har sukan kewaye zoben sau dubu 11 da ɗoriya a daƙiƙa guda. Sai a gwara su, masana su duba ɓarɓashin da ya fito don su gane abin da ke ciki. Abin da ke lanƙwasa musu hanya kuwa manyan maganaɗisu ne guda 1,232, kowanne tsawonsa mita 15, ana sanyaya su da ruwan iskar hiliyam har digiri 271 ƙasa da sifiri.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne. An kunna na'urar ranar 10 ga Satumba, 2008, duniya tana ta tafi. Kwana tara kacal, sai ga tsautsayi. Wani haɗin waya tsakanin maganaɗisu biyu ba a liƙe shi da kyau ba. Ya yi zafi, ya narke, wuta ta yi tartsatsi ta huda ma'ajiyar hiliyam, kimanin tan 6 ya tsere da ƙarfi. Sai da aka fito da maganaɗisu 53 daga ramin, aiki bai komo ba sai Nuwamban 2009. Kun ji fa, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Amma ba su ɓoye laifin ba, ba su kuma watse ba. Sun bayyana abin da ya faru, suka gyara. Ranar 4 ga Yuli, 2012, suka sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda Peter Higgs ya yi hasashenta tun 1964. Shekara 48 ke nan yana jira! Daga 2013 kuma suka sake tsayar da na'urar, suka bi irin wannan haɗi sama da dubu 10 ɗaya bayan ɗaya suna ƙarfafawa.

Saboda haka masu walda da masu gyaran wuta da ke cikinmu, da ku yaranmu 'yan makaranta, kada wanda ya raina aikin hannunsa. Lissafin manyan masana ma sai da ya jira mai haɗa waya ya yi nasa daidai.