Jawabin Ranar Aza Harsashi: Girman Kankiya da Nauyin da Ya Ɗora Mana

 

An umurce ni da in faɗi wani abu game da tarihin garin nan, tun da yake bunƙasarsa ce ta kawo bukatar masallacin da muka taru domin aza harsashinsa.

Kankiya tsohuwar gunduma ce a Masarautar Katsina, hakiminta shi ne Kankiyan Katsina, kamar yadda Bebejin Katsina yake riƙe da Kusada. Allah ya aje garin nan a bakin hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 60 daga birnin Dikko, wannan hanya kuwa ita ce mafarin arzikinsa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, manoman ƙasar nan suka sami inda za su kai amfaninsu. Tun daga sa'an nan fatake da 'yan koli, daga baya kuma direbobi, suka riƙa yada zango a nan, waɗansu su wuce, waɗansu su nemi wuri su kafa gida.

Abu na biyu da ya ɗaga garin shi ne mulki. A 1976, da aka kawar da tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, Kankiya ta zama hedkwata, ana mulkin ƙasa mai faɗi daga nan, har da Ingawa da Kusada. Ran 23 ga Satumba 1987, da aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna, ƙananan hukumomi bakwai kaɗai ne a sabuwar jihar, Kankiya na cikinsu. A 1996 Kusada ta sami tata, yawansu ya kai 34. Ofis kuwa ba ya zuwa shi kaɗai. Ma'aikata sun zo da iyalansu, babban asibiti ya jawo masu jinya daga ƙauyuka, makarantar koyon aikin lafiya ta kawo ɗalibai daga ko'ina cikin jihar. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Kankiya mutum fiye da 150,000, ta Kusada kuma kusan 100,000, jariran da aka ƙidaya a shekarar nan kuwa yau sun isa aure. Mai son ya ga yadda hanya take haifar da gari, to, ya dubi Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Kusada. Sunan yana nan yadda aka raɗa shi, amma wa zai iya ƙirga gidajen wurin a yau?

To, ya ku jama'a, girman gari ni'ima ce, amma tana tafe da jarrabawa. Dattawan da ke zaune a nan sun san lokacin da wurin da muke tsaye gonar gero ce. Gonaki sun zama fuloti, burtali ya zama lungu. A cikin tsohon gari kowa ya san gidan kowa, yaro in ya yi ɓarna, kowane babba ubansa ne. A sababbin unguwanni kuwa, mutum yakan shekara bai san sunan wanda suka haɗa katanga ba. Ana yanka fili ana sayarwa har taku na ƙarshe, ba a bar wa makaranta wuri ba, balle maƙabarta. Ranar Juma'a sahu yakan fito har bakin kwalta, tsofaffi suna tsallaka titi tsakanin manyan motoci.

Magabatanmu ba haka suka kafa garuruwa ba. Da Manzon Allah ya yi hijira a shekarar 622, masallaci ya fara ginawa, a Ƙuba, sa'an nan a Madina. Filin na Madina na waɗansu marayu biyu ne, bai kuwa yarda a karɓe shi kyauta ba, sai da aka biya su. Da Musulmi suka kafa Kufa a zamanin Sayyidina Umar, masallaci aka fara shatawa, kana aka raba wa kabilu unguwanni kewaye da shi. Nan gida ma, hasumiyar Gobarau tana tsaye a Katsina shekaru ɗaruruwa, tana shaida cewa da masallaci da karatu birnin ya yi suna. Mu a nan gidaje sun riga masallaci, watau mun makara, abin da ya rage shi ne mu cim ma abin da ya wuce mu.

Saboda haka ina da roƙo uku. Na farko, a kammala takardun filin nan da sunan wakafi, da shaidar mai unguwa da magaji da hakimi da ofishin ƙasa, domin bayan ranmu kada wani magajin dukiya ya tashi da da'awa. Na biyu, kada a cika filin da gini. A bar wurin makarantar allo da ta Islamiyya, da rijiyar burtsatse wadda maƙwabta za su ɗiba, da sashen mata mai ƙofarsa dabam. Na uku, kwamiti ya riƙa karanta lissafi a gaban jama'a, abin da ya shigo da abin da ya fita, buhun siminti nawa, rodi nawa. Dukanmu mun ga masallatai a bakin hanyar nan waɗanda suka tsaya a linta shekara da shekaru, ciyawa ta tsiro a mihirabinsu. Sau da yawa ba talauci ya tsai da su ba, zato ne ya shiga tsakanin masu bayarwa da masu riƙewa.

Kada kuma wani ya raina abin hannunsa. Da yayyafi kogi kan cika. Mai tifar yashi ya kawo, mai kwanon gero ya kawo, magini ya ba da yini guda, samari su ɗauki kwanon kankare. Waɗanda suka yi alkawari a yau, su tuna alkawari kaya ne. 'Ya'yan garin nan da ke Kano da Kaduna da Abuja da Ikko, a kai musu wannan ɗan littafi, su san gida na jiransu.

Allah ya karɓi wannan aiki, ya nuna mana ranar buɗe shi. Allah ya ji ƙan magabatanmu da suka share dajin nan, ya ja zamanin Sarkin Katsina, ya ba ƙasarmu lafiya da damina mai albarka. Amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.