Daga Futa Toro zuwa Sakkwato: Darasi daga Nasabar Gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mahaliccin mutane daga tsatso guda. Tsira da amincinSa su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako. 

Bayan haka, Imamu Tirmizi ya ruwaito hadisin da ke umurni da a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Imamu Muslim kuma ya ruwaito wanda ke gargaɗi cewa nasaba ba ta ciyar da mutumin da aikinsa ya bar shi a baya. Tsakanin waɗannan hadisai biyu malaman ƙasar Hausa suka tsaya: suna rubuta asalinsu da kulawa, kuma ba su mayar da shi abin taƙama ba. Gidan Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ne misalin da ya fi kowane fitowa fili, domin ana iya bin sawun zuriyarsa zango bayan zango a cikin abin da 'ya'yan gidan suka rubuta da hannunsu.

Waɗanda suka rubuta

Na farkonsu shi ne ƙanen Shehu, Malam Abdullahi na Gwandu. A shekarar 1227 Hijiriyya, daidai da 1812 Miladiyya, ya wallafa Ida'un Nusukh, inda ya jera kakanninsa sa'annan ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Shekara guda bayan haka ya kammala Tazyinul Waraƙat. A shekarar 1812 ɗin ce kuma Muhammadu Bello ɗan Shehu ya rubuta Infaƙul Maisur, wanda ya tattara labarin ƙasashen Takruru da malamansu. Waziri Giɗaɗo ɗan Lema ya biyo baya da Raudul Jinan. A ƙarni na 20, Waziri Junaidu, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1997, ya tsince abin da ya warwatsu a cikin littattafan magabata ya haɗa a Dabɗul Multaƙaɗat, ya kuma rubuta Tarihin Fulani da Hausa domin wanda bai iya Larabci ba. Ashe ke nan nasabar nan ta samu marubuta a kowane zamani, kowanne yana karɓa daga na gabansa.

Jerin kakanni

Ga yadda jerin ya shahara: Usmanu ɗan Muhammadu Fodiyo, ɗan Usmanu, ɗan Salihu, ɗan Haruna, ɗan Muhammadu Gurɗo, ɗan Jaɓɓo, ɗan Muhammadu Sambo, ɗan Ayuba, ɗan Masirana, ɗan Buba Baba, ɗan Musa Jokollo. Kalmar Fodiyo kuwa laƙabi ce da ke nufin malami masani a harshen Fulatanci. Musa Jokollo shi ne ya jagoranci jama'arsa daga Futa Toro, a kwarin kogin Sanagal, ya yiwo gabas da su har ya sauka a Ƙonni. Saboda wannan asali ne Hausawa suke kiran zuriyarsa Toronkawa.

Daga Musa Jokollo zuwa Shehu akwai hawa goma sha ɗaya na haihuwa. Idan aka ba kowane hawa shekara ashirin da bakwai zuwa talatin, jimilla za ta kama shekara ɗari uku ko ta ɗan haura. An haifi Shehu a ƙarshen watan Safar na shekarar 1168, wato Disamba 1754. In an cire shekara ɗari uku daga nan, sai lissafi ya faɗa wajajen 1450, kuma a nan ne Baturen nan Murray Last ya ajiye zuwan Musa Jokollo a littafinsa kan Daular Sakkwato na shekarar 1967. Wannan ita ce fa'ida ta farko ta jerin sunaye: ko ba a rubuta shekara ba, ƙidayar kakanni tana nuna zamani.

Amma mai nazari zai ga cewa jerin da ke yawo a hannun mutane bai zo iri ɗaya ba. Wani ya gabatar da Masirana a kan Ayuba, wani ya jinkirta shi. Haka nan, a bisa Musa Jokollo akwai ruwayar da ke danganta asalin Fulani ga wani Balarabe mai suna Uƙba, sai dai maruwaita sun saɓa kan wane Uƙba ne, ɗan Nafi'u ko ɗan Amiru. Uƙba ɗan Nafi'u, wanda ya kafa birnin Ƙairawan a shekara ta 50 Hijiriyya, ya rasu a shekara ta 63, kusan ƙarni takwas kafin Musa Jokollo. Saboda haka ɗalibi mai adalci ba zai ɗora abin da ke sama da Musa a ma'auni ɗaya da abin da ke ƙasa da shi ba. Na ƙasa yana da garuruwa da ƙaburbura da shaidu, na sama kuwa ruwaya ce da ake naƙaltowa da ladabi a matsayinta na ruwaya.

Zango-zango

Toronkawa sun zauna a Ƙonni zamani mai tsawo suna karatu da karantarwa, sa'annan rassansu suka bazu a ƙasashen Gobir da Zamfara da Kabi. Reshen da Shehu ya fito ya sauka a Maratta, kusa da Galmi, kuma a can aka haife shi. Yana ƙarami mahaifinsa ya tashi da iyali zuwa Degel, a yankin Gwadabawa na yanzu, inda Shehu ya girma, ya fara wa'azi yana ɗan shekara ashirin, a 1774.

A nan ne nasabar jini ta haɗu da nasabar ilmi. Wanda ya karanta jerin malaman da Malam Abdullahi ya kawo zai ga da yawansu baffanni ne da kawunnai. Shehu ya koyi Alƙur'ani a wurin mahaifinsa, ya lazimci Malam Usmanu Binduri, ya karanta Sahihul Bukhari a wurin Malam Muhammadu ɗan Raji, dukkansu 'yan'uwansa na jini, kafin a zo ga Malam Jibrilu ɗan Umaru wanda Shehu ya bi har Agadas. Gadon da gidan ya ɗauko daga Futa Toro shi ne allo da tawada, kuma shi ne ya riƙe su jama'a guda duk da nisan zangonsu. Sa'annan Shehu ya rubuta silsilarsa ta ɗariƙa har zuwa ga Sidi Abdulƙadir Jilani, wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 561 Hijiriyya, da irin kulawar da ƙanensa ya rubuta silsilar haihuwa: wane daga wane, ba tsallake.

A watan Zulƙida na 1218, wato Fabrairu 1804, Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu. Daga nan zama ya koma Gwandu, sai Sifawa, sai Sakkwato a 1815, garin da Muhammadu Bello ya gina a 1809. A can Shehu ya rasu a 1817, Hubbarensa na nan ana ziyarta, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana kwance kusa da shi. Malam Abdullahi ya rasu a Gwandu a 1829, Bello kuma a Wurno a 1837. Tafiyar ba ta tsaya a nan ba. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas, suka sauka a bakin kogin Nilu a ƙasar Sudan, a garin da har yau ake kira Mai Wurno. Zuriyar da ta taso daga bakin kogin Sanagal ta kai bakin Nilu, kuma takarda na iya haɗa ƙarshen da farkon.

Gaskiya a cikin nasaba

Akwai wani abu da ya kamata muridi ya tsaya a kansa. Lokacin da wasu mutane suka fara raɗe-raɗin cewa Shehu shi ne Mahadi, ya rubuta Tahzirul Ikhwan ya ƙaryata zancen, kuma daga cikin hujjojinsa har da cewa shi a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar baƙar fata. Da ya yi shiru, da an ɗaukaka shi sama da matsayinsa, amma sai ya kafa hujja a kan kansa da mahaifarsa. Wannan ya isa tsawatarwa ga duk wanda zai ƙara suna a jerin kakanninsa don neman girma, ko ya shafe wani don jin kunyar sana'arsa ko garinsa.

Abin da ya shafi mutanen bakin iyaka

Wanda ya bi wannan tafiya a taswirar yau zai tarar da Ƙonni da Maratta a Jamhuriyar Nijar, Degel da Gudu da Sakkwato kuwa a Najeriya. Layin da ya raba su ya samo asali ne daga yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906, ƙarni huɗu da rabi bayan saukar Musa Jokollo. Mutanen Jibiya sun san wannan a jikinsu. Bayan Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a zamanin jihadi, tsohon gidan sarautar ya koma arewa ya kafu a Maraɗi, tare da malamai da fatake da talakawa. Shi ya sa da wuya a sami gida a wannan yanki da ba shi da dangi a Ɗan Isa ko Madarumfa ko Maraɗi.

Najeriya ta rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, ta kuma sake rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a yankin, iyalai sun watse zuwa Katsina da Kano da hayin iyaka. A irin wannan hali tsohuwar da ta haddace wa ya haifi wa takan rasu a gudun hijira, gafakar da ke ɗauke da takardun gida takan ƙone tare da ɗaki. Jikan da aka haifa a wani gari zai tashi bai san mahaifar kakansa ba, rabon gado ya rikice, ɗan'uwa ya wuce ɗan'uwansa a kasuwa ba sallama.

Saboda haka ya dace kowane magidanci ya zauna da dattawan gidansa tun suna raye, ya rubuta, da ajami ko da boko. Ya sa sunan kowane kaka tare da garin da aka haife shi da inda aka binne shi, da sarkin da ke kan gado a zamaninsa ko wata yunwa ko yaƙi da aka shaida, domin su ne ke tsayar da shekara. Kada ya manta da iyaye mata, don ta wurinsu gidaje ke haɗuwa, kuma su ne suka fi riƙe wannan ilmi. Ya ambaci wanda ya ba shi kowane labari, kamar yadda ake ambaton isnadi. Inda ruwaya biyu suka saɓa ya kawo su duka, inda sani ya ƙare ya ajiye alƙalami. Ya haɗa da sunayen malaman gidan da ijazozinsu. Sa'annan ya yi kwafe uku ko huɗu, ya ɗauki hotonsu a waya, ya aika wa dangi na kowane ɓangaren iyaka, ya ajiye ɗaya a zawiya a hannun muƙaddami.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya haskaka makwancinsu, Ya ba na baya ikon sada zumuncin da suka bari. Allah Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu lafiya, Ya zaunar da ƙasashen Najeriya da Nijar cikin aminci, albarkacin Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.