Kalmar Mako: Demonize

Kalmar da muka ɗauko muku yau ta Ingilishi ce, wato demonize. Kuna yawan jin ta a labaran duniya, musamman lokacin zaɓe ko yaƙi. Masu jin Faransanci a Yamai, Garwa ko Njamena sun san 'yar'uwarta, diaboliser.

Wasu na fassara ta da "ɓata suna", amma ni dai a ganina ta fi haka nauyi. Wanda aka shafa wa kashin kaji har gobe mutum ne, zai iya wanke kansa. Wannan kuwa an mai da shi shaiɗan ne a idon jama'a, har ya zama duk abin da aka yi masa ba wanda zai ce kai.

To, daga ina ta fito? Tushenta demon, wanda ya biyo ta Latin daga Girkanci, daimon. Abin mamaki, a wurin Girkawan dā daimon ba lalle mugu ba ne. Wani ruhi ne tsakanin alloli da mutane, akwai na kirki akwai na banza, kamar dai yadda mu ma muke cewa akwai farin aljani akwai baƙi. Sokratis, wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Atina a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa, yakan ce yana da irin wannan murya da ke hana shi yin kuskure. Sai da Yahudawa da Kiristocin farko suka riƙa amfani da kalmar wajen kiran miyagun ruhohi da gumakan maguzawa, sannan ta koma ta sharri zalla. Ita kuwa ta Faransanci, daga diabolos take, kuma asalin ma'anarsa mai ƙazafi. Kun ji fa, sunan ma ya tona asirin aikin.

Mu ma'aikatan rediyo ba ma wasa da wannan kalma. A Ruwanda, a 1994, gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran Tutsi inyenzi, wato kyankyasai. Cikin kwana kusan 100 aka kashe mutum wajen 800,000. A 2003 kotun Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Arusha ta ɗaure Ferdinand Nahimana, ɗaya daga waɗanda suka kafa gidan, ba don ya ɗauki adda ba, sai don abin da aka watsa.