ABIN DA MADUBIN LIKITA YA GANI CIKIN FITSARI

Jawabin da Editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin manya a garin Kucheri, cikin Ƙaramar Hukumar Tsafe.



Iyayenmu dattawa, malamanmu, ɗalibai maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Na gode da kuka bar ayyukanku kuka zo. Ni ba likita ba ne, aikina rubutu. Amma na tambayi masu aikin, na karanta abin da suka rubuta, na kawo muku shi da Hausar da kowa zai gane. Maganarmu ta yau a kan ƙoda ce da mafitsara, da abin da masu bincike suka gano game da su.

Bari in fara da labarin kaina. Lokacin da nake yaro, idan damina ta yi, ba mu da wurin wasa sai kududdufin bayan gari. Wata rana na ga jini a ƙarshen fitsarina. Na ruga wurin yayana a tsorace. Ya yi dariya ya ce, "Kai, ka zama namiji ke nan!" Kusan duk sa'o'ina haka suke yi, saboda haka ban ƙara damuwa ba.

Sai da na shiga makarantar sakandare aka tura ni gwajin fitsari a asibiti. Mai gwajin ya duba cikin madubinsa, sa'an nan ya kira ni ya ce, "Samari, zo ka ga baƙin da ka saukar." Na sa ido. Na ga waɗansu abubuwa masu siffar 'ya'yan guna, kowane da ƙaya a gindinsa. Ya ce ƙwan tsutsar tsargiya ne. Aka ba ni magani na warke.

Wani abokin iyona bai sami wannan gwaji ba. Bayan shekaru da yawa ƙafafunsa da fuskarsa suka kumbura. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, aka ce sammu ne. Da aka kai shi asibiti, likita ya ce hanyoyin fitsarinsa sun daɗe da toshewa, ƙodarsa duka biyu sun lalace. Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu. Allah ya jiƙansa. Saboda shi nake tsaye gabanku yau.

AIKIN ƘODA

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, a baya, ƙarƙashin haƙarƙari. Kowace girmanta kamar dunƙulen hannunka. Aikinta tace jini. Masu binciken da suka yanka ƙoda siriri suka duba ta da madubi sun tarar kowace ɗaya tana ɗauke da 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A wuni da kwana suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, watau jarka tara mai cin lita 20. Kusan duka ruwan nan komawa jiki yake yi. Abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba.

Kowace matata kamar rariya take. Mata sun san aikin rariya: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. A cikin ƙoda dauɗa da ruwa ne ke wucewa, jini da sinadarin gina jiki su tsaya. An gina rariyar da ƙwayoyin halitta, watau 'yan ƙananan tubalan da Allah ya gina jikin mutum da su, waɗanda ido ba ya gani. Waɗansu daga cikinsu suna da 'yan yatsu da suke sarƙafe da juna kamar saƙar zana. Idan saƙar ta ɓaci, abin da ya kamata ya tsaya sai ya zube cikin fitsari. Shi ya sa fitsarin mai ciwon ƙoda yakan yi kumfa mai daɗewa.

Ga abin da ya kamata mu riƙe: matatar da ta mutu ba ta dawowa. Sauran ne ke ɗaukar aikinta. Mutum yana iya rasa rabin ƙarfin ƙodarsa yana noma yana cin kasuwa, bai ji komai ba. Ciwon ƙoda ɓarawo ne mai sanɗa. Amma gwaji yana kama shi tun yana bakin ƙofa.

YADDA AKA GANO TSARGIYA

A shekarar 1851 wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz, yana aiki a asibiti a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, ya ga tsutsar tsargiya cikin jijiyoyin jinin mutum. A 1915 wani masani daga Birtaniya, Robert Leiper, ya tabbatar a can Masar cewa tsutsar tana bi ta jikin dodon koɗi na ruwa kafin ta shiga mutum.

Ga yadda abin yake. Mai tsargiya ya yi fitsari cikin rafi ko kududdufi. Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin ruwan. Abin da ya fito ya shiga jikin ɗan ƙaramin dodon koɗi, ya hayayyafa a can. Bayan 'yan makonni dubbansu su fito su bazu cikin ruwa. Duk wanda ya shiga iyo, ko wanki, ko kamun kifi, ko aikin fadama, sai su huda fatarsa su shige. Ba sai ya sha ruwan ba, shiga kawai ya isa. Su girma su zauna cikin jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji, suna zuba ƙwai kullum har shekaru.

Ruwan da ke kwance ko mai tafiya a hankali shi dodon koɗin nan yake so. Muna da irinsa da yawa: kududdufai, fadamu, gefen gulbin da ya bi ta Gusau da Bungudu, da wuraren noman rani irin na madatsar ruwan Bakolori kusa da Talata Mafara.

ƁARNAR DA ƘWAN KE YI

Binciken ɗakin gwaje-gwaje ya nuna cewa ƙwan ne ke yin ɓarna fiye da tsutsar. Waɗansu ƙwayayen suna huda bangon mafitsara su fita tare da fitsari. Jinin da muke gani ke nan. Waɗansu kuwa maƙalewa suke yi cikin naman. Jiki yana da dakarunsa, watau fararen ƙwayoyin jini. Sai su taru su kewaye kowane ƙwai don su kashe shi. Wurin da aka yi wannan yaƙi sai ya zama tabo mai tauri.

Ƙwai ɗaya tabo ɗaya. To, ku lissafa na shekara goma. Mafitsara sai ta yi tauri. Siraran bututan nan biyu da ke sauko da fitsari daga ƙoda sai su tsuke. Duk wanda ya yi ban-ruwa ya san abin da ke faruwa idan hanyar ruwa ta toshe: ruwa ya koma baya ya cinye fangali. Haka fitsari ke komawa ya kumbura ƙoda, ya danne matatan har su mutu.

Akwai kuma wani haɗarin. A 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta sa tsutsar tsargiya cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar mafitsara. Mata ma ba su tsira ba. Ƙwan yakan maƙale a al'aura da bakin mahaifa, ya kawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har da wahalar samun ciki. Sau da yawa akan ɗauke shi ciwon sanyi ne.

Saboda haka, iyaye, fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, ba kuma zafin rana ba ne. Cuta ce, kuma tana da magani. Sunansa Praziquantel. An samo shi a ƙasar Jamus cikin shekarun 1970. Shi ne wanda akan raba wa yara a makarantu, ana auna tsawon yaro da sanda kafin a ba shi. Ana shan sa bayan an ci abinci. Idan an sha da wuri, ɓarnar takan gyaru, musamman ga yara. Idan tabo ya tsufa, magani zai kashe tsutsa amma ba zai goge tabon ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

ABIN DA MUKA GADA

Ba duk ciwon ƙoda ne daga tsargiya ba. Masana sun daɗe suna mamakin yadda ciwon ya fi kama baƙar fata a ƙasar Amurka. A 2010 suka gano ɗaya daga cikin dalilan. Wata ƙwayar gado ce da suka sa wa suna APOL1. Wani nau'inta ya fi yawa ga mutanen Afirka ta Yamma da zuriyarsu.

Kun san sikila. Wanda ya gaji ƙwayarta daga gefe ɗaya yakan sami kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ya gada daga uwa da uba kuwa yakan sha wahala. Wannan ma kusan haka take. Tana kare mutum daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke kawowa, amma tana iya raunana ƙwayoyin nan masu 'yan yatsu na rariyar ƙoda.

A 2024 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da likitocin Nijeriya da Ghana suka yi tare da abokan aikinsu na waje. Sun gwada mutum 8,355 a ƙasashen biyu, masu ciwon da masu lafiya. Kusan mutum 3 cikin kowane 10 sun gaji ƙwayar daga uwa da uba. Haɗarin ciwon ƙoda ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 ga waɗannan, da kashi 18 cikin 100 ga wanda ya gada daga gefe ɗaya.

Kada wannan ya tsorata ku. Mafi yawan masu ɗauke da ita ba su kamuwa da ciwon. Darasin kawai shi ne, idan an taɓa yin ciwon ƙoda a gidanku, ku riƙa zuwa gwaji, ku kuma guji ɗora wa ƙoda kaya.

MASU YAGA RARIYA

Waɗanne kaya ke nan? Na farko hawan jini. Ƙarfin jinin yana yaga rariyar sannu a hankali. Na biyu ciwon suga. Waɗannan biyu su ne manyan masu kashe ƙoda a duniya. Na uku shan maganin ciwon jiki barkatai, irin su Diclofenac da Ibuprofen, da haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda a sayar wa manoma bayan an taso daga gona. Shan su kullum yana rage jinin da ke zuwa ƙoda, balle ga wanda ya wuni cikin rana bai sha ruwa sosai ba. Na huɗu jiƙon da ba a san abin da ke cikinsa ba, da waɗansu mayukan sauya launin fata.

Na biyar gubar dalma. Mu Zamfarawa ba ma buƙatar a ba mu labarinta. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana kuma lalata ƙoda.

Idan ƙoda ta mutu gaba ɗaya, hanya biyu ta rage. Ko wankin ƙoda da na'ura, sau biyu ko uku kowane mako, kowane zama kimanin awa huɗu. Ko dashen ƙoda, wanda Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara yi a 2002. Duka biyu kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Gona da shanu sukan tafi, ciwon yana nan. Ku kwatanta wannan da kuɗin gwajin fitsari.

ABIN DA ZA MU YI

1. Duk yaron da ya yi fitsarin jini, namiji ko mace, a kai shi asibiti. Fitsarin da aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana ya fi nuna ƙwan.

2. Idan an zo rabon maganin tsargiya, a ba yara abinci su ci, a bar su su sha. A nemi a haɗa da almajirai da yaran da ba su zuwa boko. Maganin ba ya hana sake kamuwa, don haka akan maimaita.

3. A hana fitsari da bahaya cikin ruwa ko bakinsa. A gina masai. Idan ƙwai bai shiga ruwa ba, tsargiya ta yanke.

4. Ruwan rafin da za a yi wanka da shi, a ɗebo a ajiye kwana biyu, ko a tafasa ya huce. Masu aikin fadama su sa takalmin roba mai tsawo.

5. Duk wanda ya kai shekara 40, ko mai ciwon suga ko hawan jini, ya riƙa auna jininsa, ya yi gwajin fitsari ko da sau ɗaya a shekara. A fara da asibitin da ke kusa ko Babban Asibitin Tsafe. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

6. Kumburin fuska da safe, kumburin ƙafa, kumfa a fitsari, ko raguwar fitsari, ba abin jira ba ne.

7. A rage gishiri da dunƙulen miya. A sha ruwa isasshe, musamman da bazara. Ku da kuka iya karatu yanzu, ku karanta sunan magani kafin ku sha, ku karanta wa maƙwabtanku.

'Yan'uwa, masu bincike sun yi nasu. Sun shekara fiye da 170 suna duba abin da idonmu ba ya gani. Saura namu. Ina roƙon kowane uba da kowace uwa, idan kun koma gida yau, ku kira yaranku ɗaya bayan ɗaya ku tambaye su cikin hikima ko suna ganin jini a fitsari. Yaro yana jin kunya, ba zai faɗa ba sai an tambaye shi. Da an yi wa abokina wannan tambaya, aka kuma ɗauki amsarsa da muhimmanci, wataƙila da labarin ya sha bamban.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya sa mu yi aiki da abin da muka ji.